Daga Karofin Kura Zuwa Kogin Challawa: Wa Ke Biyan Kuɗin Ruwan Da Sutura Ke Sha?

Duk wanda ya baro Kano ta hanyar Panshekara zai nufi Madobi, hancinsa ne ke fara gaya masa ya iso rukunin masana'antu na Challawa. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, mai kama maƙogwaro, yana tasowa daga magudanun da ke bin bayan katangun kamfanonin jima. Ruwan cikinsu wata rana baƙi ne, wata rana toka-toka mai ratsin shuɗi, da kumfa a kansa. Da an haye gadar kogin kuwa sai a faɗa wata duniya: fadamun albasa da tumatir da masara, injinan ban-ruwa na ta ƙugi a bakin gaɓa, masu yashi na loda wa tifa, yara na wanka.

Tsakanin waɗannan wurare biyu babu nisan a-zo-a-gani. Ɗaya na gyara fatar da za ta zama jaka da takalmi a kantunan Italiya da Sifen, ɗayan na noma abin miyar da Kano ke ci. Kogi ɗaya ne ya haɗa su.

A 'yan shekarun nan duniya ta cika da maganar yadda za a sa masana'antar sutura da kayan ƙawa ta daina ɓata muhalli, kuma ta riƙa amsa tambaya a kan abin da ta ɓata. Mutum zai ɗauka zancen Turawa ne da manyan kamfanoninsu. Amma ƙasar Madobi da Kura da Bunkure ta fi yawancin masu taruka a kanta sanin wannan magana, domin ta ga kowane ɓangarenta: ta yi zamanin da ita ke tufatar da Sahara, yanzu kuma tana zaune a bakin ruwan da masana'anta ke zubarwa.

Wanda bai san tarihin Kura ba zai ɗauka garin shinkafa ne kawai. Alhali sunansa ya riga shinkafarsa zuwa Agadas da Tumbuktu. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa ranar biki, wanda suke kira alasho, a nan ƙasar Hausa ɗan Kura ake ce masa. Saƙarsa siririya ce ƙwarai, kowane layi bai fi faɗin yatsa ba, a jera layuka masu yawa a ɗinke su, a tsoma a rini sau da dama har shuɗin ya koma baƙi, sannan a kai mabuga a yi ta dukansa da ƙarin shuni har ya riƙa walƙiya. Shunin da ke zuba a fuskar mai rawanin ba aibu ba ne a wurinsu, ado ne. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Tumbuktu kaɗai na karɓar kayan raƙuma 300. Mafi yawan aikin ba a cikin birni ake yin sa ba. A garuruwan kudu da birni ne, inda ƙasa ke karɓar auduga da baba, kuma akwai ruwa.

Yadda karofi ke aiki abin a tsaya a duba ne, domin a nan ne darasin yake. Marini zai haƙa rami mai zurfi, ya shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ya cika shi da ruwa, ya zuba toka da katsi da busasshen baba, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsa shi da doguwar sanda. Idan rinin ya tashi, sai a tsoma zane a ciro. Kore-kore yake fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi a kan idon mai kallo. A sake tsomawa, a sake shanyawa, gwargwadon duhun da mai kaya ke so. Idan ƙarfin rinin ya ƙare, ba a kwararar da shi kogi. Dattin da ya kwanta a gindin ramin kwashe shi ake yi, a cura, a shanya, a ƙone, ya zama katsi. Katsin nan shi zai shiga sabon rini, shi ne kuma ake haɗawa a yi lason da za a shafe wani ramin ko rufin soro. Shi kansa baba dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi a inda aka shuka shi. Abin da masana na yau ke rubuta littattafai a kai, wato sana'ar da shararta ke komawa cikinta, marinan Kura sun yi ƙarnoni suna yin sa ba tare da sun sa masa suna ba.

Haka majema. A unguwar Majema da ke cikin birnin Kano har yau ana jiƙa fata a ruwan toka a kankare gashi, a tausasa ta da kashin tantabara, a jeme ta da 'ya'yan bagaruwa. Ja daga karan dafi yake fitowa, baƙi daga kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme ta wannan hanya ita ce ta bi ayari ta tsallaka Sahara, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Tun wancan zamanin ke nan sunan mai aikin ke ɓacewa a hanya.

Ba a ce zamanin da aljanna ba ne. Audugar da babban da suka ciyar da karofin ƙarni na 19, da yawansu bayi ne suka noma su a rinjojin sarakuna da attajirai. Karofi da majema suna da wari, shi ya sa ake kai su gefen gari. Tufa kuma tsada gare ta, talaka na iya shekara da riga ɗaya. Wanda ke kiran a koma jiya gaba ɗaya bai yi lissafin gonakin baban da za a buƙata kafin a rina wa mutum sama da miliyan 200 kaya ba. Abin da ya kamata a ɗauko daga jiya shi ne ƙa'idar: mai sana'a ya san inda shararsa ta nufa, kuma maƙwabcinsa ya san ƙofar gidansa.

Wannan ƙa'ida ce ta karye. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kimiyya a 1897, kuma a zamanin mulkin mallaka garin rini na gwangwani ya shigo kasuwannin Arewa. Ya fi sauri, ya fi arha, yana da kala iri-iri. A karofin Ƙofar Mata, wanda allon ƙofarsa ke cewa an kafa shi a 1498, ramuka kaɗan ne suka rage da rini a cikinsu, sauran sun cike da ƙasa. Rini dai bai mutu a Kano ba, gida ya sauya. Yanzu a rabin duro ake yin sa a lungunan unguwanni: a tafasa ruwa, a zuba garin kala da soda mai ƙuna da wani farin sinadari mai narkar da rinin, a tsoma shadda, cikin ɗan lokaci an gama. Sauran ruwan kuwa kwata ake juye wa. Dubban matasa na cin abinci da wannan sana'a, wasunsu ko safar hannu ta kirki ba su da ita, kuma a tafin hannunsu ake gane su.

A ɓangaren fata, gishirin kuromiyam ne ya maye gurbin bagaruwa. Mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya yau da shi ake yi, saboda abin da bagaruwa za ta ɗauki kwanaki tana yi, shi a yini guda yake gamawa, fatar kuma ta fito da laushi, ta jure ruwa da zafi. Ga yadda tafiyar take. Fatun layya da na mahauta, waɗanda dillalai ke bi gari-gari suna tarawa, ana cika su da gishiri don kada su ruɓe. A kamfani za a wanke gishirin, a zuba farar ƙasa da wani sinadari mai farar wuta a cire gashi, wanda shi ne tushen warin nan. Sai a juya fatar a manyan ganguna da asid da kuromiyam har ta koma shuɗi-shuɗi. Tan ɗaya na ɗanyar fata kan sha ruwa lita 30,000 ko fiye, kuma abin da ke fitowa a matsayin gyararriyar fata bai cika wuce rubu'in nauyin ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuromiyam ɗin da aka zuba ba ya kama fatar, ruwa yake bi. Tumaki da awaki ne ƙashin bayan wannan sana'a a Kano, domin fatar shanu ganda ta riga kamfani zuwa wurinta.

Kano na da manyan rukunan masana'antu uku, kowanne da rafin da yake juye wa. Na Bompai na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Na Sharaɗa na bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Na Challawa kuwa a bakin kogin yake. A wajejen Tamburawa kogin Challawa ke haɗuwa da kogin Kano, a nan kuma matatar ruwan sha ta Tamburawa take. Daga nan ruwan ya gangara Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa dausayin Haɗeja da Nguru, ya nufi tafkin Chadi. Malaman Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello sun shafe shekaru suna ɗibar ruwa da laka da ganyaye da kifi daga waɗannan wurare suna aunawa, kuma rahotanninsu sun sha nuna kuromiyam da wasu ƙarafa fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kusa da inda ake zubar da ruwan.

A nan dole a bambance, don kada a yi wa manoman yankin kuɗin goro. Babban aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwansa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan kan biyo ta Ruwan Kanya ya shiga manyan hanyoyin ruwa na siminti, ya rarrabu cikin gonaki. An tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Wannan ruwa bai bi ta bayan wani kamfanin jima ba, don haka shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ake lodawa a Kwanar Gafan ba su cikin wannan zargi. Wanda abin ya shafa shi ne manomin da babu hanyar ruwan gwamnati a gonarsa, wanda ya sayi ɗan injinsa ya jefa tiyo a kogin Challawa, ko ya haƙa rijiyar burtsatse a cikin yashin fadama, ƙasa da inda magudanun ke zubowa. Lokacin da ya fi buƙatar ruwa, wato tsakiyar rani, shi ne lokacin da kogin ya fi ƙanƙancewa, dattin kuma ya fi kauri.

Illar iri biyu ce. Ta farko manomi na ganinta da idonsa: gishiri. Ƙasar da ta daɗe tana shan ruwan gishiri takan yi fari-fari a sama, ta ƙanƙame, shuka ta tsumbure, bakin ganye ya ƙone. Ta biyu ba a ganinta. Kuromiyam ɗin da ake jima da shi ba shi ne mafi haɗari ba, amma idan ya gamu da zafi ko wasu sinadarai, misali aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme, yana iya rikiɗewa zuwa wani nau'in da aka tabbatar yana jawo ciwon daji da gyambon fata. Ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a lakar kogi, ambaliyar damina ta watsa shi a fadama.

Abin da zai ba mai karatu mamaki, ko haushi, shi ne cewa Tarayyar Turai ta san wannan sarai. Tun 2015 dokarta ta hana sayar da duk wani kayan fata mai taɓa jiki idan mugun nau'in kuromiyam ɗin da ke cikinsa ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Kafin nan ta hana wasu kalolin rini masu sakin guba. Saboda haka fatar da ta bar Kano ana gwada ta da kyau don kada wuyan hannun mai saye a Milan ya yi ƙaiƙayi. Ruwan da aka wanke fatar da shi ne ba wanda ya tsaya masa da irin wannan tsanani. Jakar kuma idan an gama ɗinka ta, tambarin ƙasar da aka ɗinka ta za ta ɗauka. Babu Kano a jiki, balle Panshekara.

Ba rashin doka ba ne. Najeriya na da dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tun 1992. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da kamfanonin fata da takalma, waɗanda suka fayyace iyakar abin da ruwan kamfani zai ɗauka kafin a sake shi. Ba kuma rashin fasaha ba ne. Ware ruwan kuromiyam daban, a kwantar da shi da sinadari, a sake narkar da shi a mayar cikin ganga, tsohuwar dabara ce da ake koyarwa a cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samarun Zariya, kuma tana rage wa kamfani kuɗin sayen sinadari daga waje. Inda gizo ke saƙar shi ne matatar ruwan datti na son wuta dare da rana. Kamfanin da ke ƙona dizal don ya juya gangunansa, idan ya ga babu mai leƙowa, injin tace ruwa ne zai fara kashewa. Mai yin gaskiya kuma sai kayansa su fi na maƙwabcinsa tsada. Akwai kamfanonin da ke ƙoƙari, kuma ba su kaɗai ke ɓata kogin ba, kwatocin birni ma can suka nufa. Rufe su ba mafita ba ce ga jihar da masaƙunta suka riga suka mutu.

Mutuwar masaƙun ma wani babi ne na wannan labari. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya, a Kano aka samu irin su Gaskiya da Bagauda. A shekarun 1980 ana lissafa masaƙu sama da 170 a Najeriya, suna sayen audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi. Yau 'yan ƙalilan ne ke numfashi. Kantin Kwari na nan cike maƙil, sai dai mafi yawan atamfa da shadda da leshin cikinta daga Sin da Indiya suke, kuma kaso mai yawa zaren roba ne da ake samu daga man fetur. Dattin rininsu ya zauna a kogunan Asiya, mu kuma aka bar mu da ƙarshen rayuwarsu. Ƙyallen auduga idan ya faɗa bola ƙasa na cinye shi. Na roba sai ya toshe kwata, ko a cinna masa wuta ya narke yana hayaƙi. Duk wanda ya ga buhunan ƙyallayen da teloli ke fitarwa a makon sallah ya san yawan abin da ake magana.

Sai gwanjo. A Ƙofar Wambai idan aka yanka dila, masu zaɓen fari su kwashe na kirki, na biyu su bi, ragowar a tara a yi masa kuɗi ɗaya. Babu mai musun amfaninsa: rigar sanyin da ke kare ɗan talaka a hunturu daga nan take, kuma sa tufar da wani ya sa ya fi saƙa sabuwa sauƙi ga muhalli. Kayan na cikin jerin abubuwan da Najeriya ta hana shigowa da su, amma suna shigowa ta Kwatano da kan iyakar Nijar, abin da ke nufin babu wanda ke da alhakin ingancin abin da ke cikin dilar. A kasuwar Kantamanto ta Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarewa a shara, har suna cika bakin teku.  Tushen abin shi ne kamfanonin da ke fitar da sabon yayi kowane mako a farashin banza. Gidauniyar Ellen MacArthur ta ce a rahotonta na 2017 abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Mu ma muna da namu saurin yayin, sunansa anko. Biki ɗaya kala uku ko huɗu, a sa sau ɗaya a ɗauki hoto a jefa a akwati. Abin da ke rage mana laifi shi ne tsofaffin ɗabi'un da ba su gama ɓacewa ba: kwancen da yaya ke ba ƙanwa, dillaliyar da ke zagaya gidaje, shaddar da ta koɗe a mayar wa marini ya sabunta ta, tsohon zanen da ke zama goyo, ya zama gammo, ya ƙare a tsumma. A Turai yanzu kuɗi gwamnati ke kashewa don ta koya wa mutane irin wannan.

Turai ta ƙara ƙaimi ne bayan an yi asarar rayuka. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladash, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Wasu kamfanonin sai da aka tono tambarinsu a cikin ɓaraguzai suka san a can ake yi musu ɗinki. Daga nan aka ƙulla yarjejeniyar da ta tilasta musu biyan kuɗin duba gine-gine. Faransa ta riga ta ɗora wa masu sayar da tufafi harajin kula da tsofaffin kaya tun 2007, daga baya ta hana lalata kayan da ba a sayar ba. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta sa kayayyaki, har da tufafi, su riƙa ɗauke da wata shaida ta kwamfuta mai bayanin abin da aka yi su da shi. A harkar fata akwai ƙungiyar Leather Working Group, da aka kafa a 2005, mai bin kamfanonin jima tana duba ruwansu da sinadaransu tana ba su daraja, kuma manyan masu saye da dama sun fara sharɗanta ta. Wannan na iya zama alheri ga Kano, yana kuma iya zama ƙofar da za a rufe mata, idan masu saye suka ga ya fi musu sauƙi su koma wata ƙasa a kan su taimaka a gyara nan.

Misalin da ya fi dacewa da Madobi daga Indiya yake, kuma manoma ne jaruman labarin. A jihar Tamil Nadu kamfanonin jima sun lalata kogin Palar da rijiyoyi da gonakin da ke gefensa. Wata ƙungiyar mazauna Vellore ta kai ƙara, a 1996 kotun ƙolin Indiya ta yanke cewa wanda ya ɓata shi zai biya, ta umarci a biya diyya, a kuma rufe duk kamfanin da ya ƙi kafa matata. A garin Tirupur, cibiyar ɗinkin riguna, manoman kogin Noyyal ne suka yi ta shari'a har babbar kotun Madras ta rufe marinai sama da 700 a 2011, ta ce ba za a buɗe ba sai an daina sakin ko ɗigon ruwan rini. An sha wahala, mutane sun rasa aiki na wani lokaci. Amma ƙananan marinan suka haɗa kuɗi, gwamnati ta tallafa, aka gina matatu na haɗin gwiwa da ke mayar da ruwan da gishirin cikin aiki. Kogunan ba su gama warkewa ba har yau, sai dai Tirupur na nan tana fitar da kaya, kuma tsabtar ruwanta ta zama abin tallarta.

Abubuwan da za su yi aiki a Kano ba ɓoyayyu ba ne. Matata ɗaya ga kowane rukunin masana'antu, mai tsayayyiyar wuta, kowane kamfani ya biya gwargwadon ruwan da ya aiko. Marinan unguwa a ba su fili ɗaya mai magudana da tankin kwantar da datti, maimakon a riƙa korarsu daga lungu zuwa lungu. Tallafin da gwamnatin tarayya ke ba masu fitar da kaya waje, wanda kamfanonin fata na cikin manyan masu cin moriyarsa, a ɗaure shi da takardar gwajin ruwa. Ita kuwa fatar bagaruwa da rinin baba, ba za su tufatar da kowa ba, amma akwai masu saye a duniya da ke biyan tsada a kansu, in dai za a rubuta Kura ko Majema a jikin kayan, kuɗin kuma ya iso hannun mai aikin.

Duk wannan ba zai motsa ba sai an samu mai tambaya, kuma mai tambayar da ya fi kowa hujja shi ne wanda tiyonsa ke cikin kogin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya irin NESREA ya nemi sakamakon gwajin ruwan da aka yi, kuma doka ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Manoman da ke kan hanyoyin ruwan Tiga sun riga sun saba da aiki a ƙungiyance: shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 ya gyara hanyoyin ruwan Kura da Bunkure, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, suna tara kuɗi, suna yashe magudanu, suna zama da hukuma. Manoman bakin Challawa, daga ɓangaren Madobi da Kumbotso har zuwa Tamburawa da Wudil, su ne suka fi buƙatar irin wannan ƙungiya. Aikinta na farko ba zai wuce ɗibar ruwa a kwalba sau biyu a shekara ba, ɗaya a watan Maris da kogi ya ja baya, ɗaya bayan ruwan Agusta, a kai ɗakin gwaji na jami'a, a karanta sakamakon da Hausa a gaban dagaci da shugaban ƙaramar hukuma da wakilin kamfanonin.